Akwatin da Yake Gaishe da Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da aikinka da sanyin garinku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi. Idon ne yana nan yadda ka bar shi, haske yake gani da inuwar mutum, amma ba ya tantance fuska. Gwaggo tana fama da tari, duk da haka kullum sai ta tako ta zo ta zauna wajen ɗan'uwanta su sha musu. Antinka da yara suna gaishe ka.

Kar ka yi mamakin ganin takarda. Na gaji da kayan da sai sun nemi izini a wata ƙasa kafin su yi aiki, ita kuwa takarda ba ta taɓa ce min in jira ana haɗawa ba.

Akwatinka ya iso, ɗan ƙarami kamar gwangwanin madara. Na ajiye shi a kan teburin da ke gefen gadon Baba, na ɗaura ƙwan lantarkin da ya zo da shi, na manne makunnin bango da salatif kamar yadda ka ce. Yanzu kowace safiya koriyar fitilarsa sai ta kama, muryarka ta cika ɗakin: "Baba, ina kwana." In ka gama sai ya yi shiru yana jira, Baba ya yi ta ba ka amsa har ya gaji, sannan akwatin ya ce saƙo ya tafi. Baba ya kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya su zo su ga yadda Auta ya mayar da nesa kusa. Har mai gyaran famfo bai tsira ba, sai da ya ajiye kayan aikinsa ya saurari gaisuwarka.

Ni na ɗaura shi, ni nake sa masa data, ni nake goge masa ƙura. Ni nake kai Baba banɗaki, in yanke masa farce, in ba shi magani kafin in ruga makaranta. Amma in ka ji ruwan albarkar da ake yi wa gwangwanin nan da safe, sai ka rantse shi ya yi wannan duka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ƙorafi nake ba, labari nake ba ka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya sabis ya ɗauke. Baba ya ce wa akwatin ya kashe fitila don hasken yana damun idonsa, akwatin ya ce ba ya iya samun hanya. Auta, tsakanin akwatin da ƙwan nan bai fi kamu biyu ba. Ashe sai maganar Baba ta tsallake teku, ta je ta gaishe da kwamfutocin kamfanin, su yarda, sannan ta dawo ta kashe fitilar da ke kan hancinta. Waɗannan kwamfutocin na nesa ne kuke kira gajimare? Ƙarshe sai da na hau kujera na kwance ƙwan da tsumma, ya ƙona min yatsa.

Ka turo min kalmar sirrin asusun. Ina so in duba ko zan iya sa shi ya riƙa jin magana a cikin gida ba sai ya fita waje ba.

Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na yi ta dariya ni kaɗai a bakin akwatin wasiƙu har maƙwabciyata ta leƙo. Ina lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da ni. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya yaye wa Gwaggo tarin nan. Ka gaishe min da Anti da yara, ka ce wa ƙaramar ban manta da alkawarin takalmi ba.

Yaya, ka yi haƙuri da ƙunar yatsa. Haka suka ƙera shi, komai nasa yana can wajensu, akwatin kansa kunne ne da baki kawai. Mu ma a ofis haka muke fama. Makon jiya kwamfutocin wani kamfani da muke haya suka tsaya, mu duka muka zauna muna kallon juna, hatta ƙofar ofis ta ƙi buɗuwa don ita ma sai ta tambaya. Manyan injiniyoyi a tsaye a baranda suna jiran mai gadi ya nemo makulli.

Maganar kalmar sirri ka bar ta tukuna, akwai wasu abubuwa nawa da na haɗa da asusun, in aka taɓa za su rikice. Kuma don Allah kar ka buɗe akwatin. Na san hannunka, Sarkin Ɓarna. Har yau Baba yana ba da labarin rediyonsa da ka kwance kana yaro, ka mayar, aka sami rarar kusoshi a hannunka. Wannan in aka buɗe shi kamfanin yana ganewa, sai su rufe shi gaba ɗaya.

Ka ce albarka ake yi wa gwangwani. Kai kuwa kana zaune kusa da mai albarkar, kana jin ƙamshin man da yake shafawa. Ni nan sai in wuni ban ji an kira ni da sunan gida ba.

Aiki ya yi yawa kwanakin nan, ana ta taro a sama, ba mu san me ake ƙullawa ba. Sai na ji daga gare ka.

Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Baba yana nan da sauƙi a jiki, zuciyar ce sai a hankali. Yara lafiya.

Ka riga ka san Gwaggo ta rasu. Na kira ka ranar ba ka ɗauka ba, na bar maka saƙo, ka amso da layi biyu na ta'aziyya. Allah ya jiƙanta. Kujerarta tana nan a ɗakin Baba, ya hana a fitar da ita. Wani lokaci sai ya juya wajen ya buɗe baki zai yi musu, sai ya tuna.

Na karanta wasiƙarka, kuma na gane. Kar in buɗe, kar in taɓa, a bar wa manyan injiniyoyi. To bari in tuna maka, manyan injiniyoyin nan wani ne ya riƙe musu yatsa ya nuna musu inda haruffa suke, a kan tsohuwar kwamfutar da na haɗa da hannuna daga gawarwaki uku. Lokacin da takardar karatu ta zo, mu biyu muka cancanta, ɗaya ne zai tafi don ba a barin Baba shi kaɗai. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake ba. Amma Sarkin Ɓarna suna ne da Baba ya sa min yana dariya, shi ma ya daina kirana da shi tun ban yi gemu ba. A bakinka ba daɗi.

Don ka sani, mai ɓarnar nan ya rubuta wa makarantarmu 'yar manhaja da ke haɗa makin jarrabawa. Ba ta da kyan gani, in ka ga yadda na jera layukanta za ka yi dariya, amma tana zaune a cikin kwamfutar ɗakin malamai ba ta neman izinin kowa. Ta ba ni wahala sati guda, tana ta ba wani yaro maki fiye da ɗari, ashe ni ne na sa ta tara darasi ɗaya sau biyu. Na gano, na gyara, na yi ta murna ni kaɗai kamar an yi min haihuwa. Da na zo buga sakamakon kuma sai sabuwar firintar shugaban makaranta ta ce ba za ta buga ba sai ta tuntuɓi kamfaninta ta ji ko tawadar da ke cikinta halattacciya ce. Tawada a cikinta, takarda a bakinta, iyaye a tsaye a ƙofa. 'Yar'uwar akwatinka ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na ba Baba labarin manhajar. Ya ce, "Madalla." Sai ya tambaye ni ko na goge wa akwatin ƙura.

Yayanka.

*

Auta,

Lafiyarmu ƙalau, in har kana son sani. Wata ya shuɗe, wani ya kama, ba amsa. Da farko na ce ko wasiƙar ce ta ɓata. Sai na ce a'a, mutumin da ke da lokacin gaishe da Baba kowace safiya bai rasa lokacin rubuta wa yayansa layi uku ba, ya dai ga malamin makaranta bai kai a ɓata masa tawada ba. Da wannan na yi ta kwana ina tashi, kuma ban ɓoye maka ba, ya ci min rai.

Sai na fara kasa kunne. Ka san ni da bin ƙwaƙƙwafi. Akwai wata gaisuwa da butar shayinka ke fito a bayanka daidai lokacin da ka ce "ya ƙafa." Na ji ta sau ɗaya, na sake jin ta, butar ta yi fito a gurbi ɗaya, ka yi tari a gurbi ɗaya. Akwai wata da kake cewa ana ruwa a wajenku. Garinku ko a ƙarƙashin famfo yake, ruwan ba zai riƙa sauka da kalmomi iri ɗaya ba.

Ranar Talata abin ya fashe. Fitila ta kama, muryarka ta fito fes, cike da fara'a: "Baba ina kwana. Ya tarin Gwaggo? Ka ce mata in ta sake kayar da kai a musu ni zan rama maka."

Ina tsaye da kofin ruwa. Na zaci Baba bai ji ba. Can ya matsa kusa da akwatin ya ce, "Auta, Gwaggonka ta rasu. Ba a faɗa maka ba?" Sai ya juyo wajen inuwata ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka ɓoye wa yaro mutuwar gwaggonsa? Ko don ka ga yana kula da ni ne kake so ka raba mu?"

Ni, Auta. Ni da na kira ka hannuna da ƙasar kabarinta.

Na san abin da ka yi, don da ni ne ma haka zan tsara shi. Ka zauna rana ɗaya ka naɗi gaisuwa da yawa, ka zuba su a folda, ka rubuta 'yar manhaja da ke ɗauko ɗaya kowace safiya kamar ana jefa ƙuri'a, ta tura wa akwatin. Shi ya sa ka hana ni kalmar sirri. Aikin ya yi kyau, na yaba. Abu ɗaya ka manta, mutanen da ke cikin gaisuwar suna mutuwa, folda kuwa ba ta zuwa jana'iza.

Maganar tana kan harshena a lokacin. Jimla ɗaya ce: Baba, ɗan naka barci yake, inji ne ke gaishe ka. Wallahi na so in faɗa. Na so in ga fuskarsa ta juyo gare ni sau ɗaya ba don magani ba. Na haɗiye, na ce masa mantuwa na yi. Ya ƙi karɓar ruwan daga hannuna, sai Antinka ce ta ba shi.

Maganar tana nan, ban jefar da ita ba. Ka ba ni dalilin da zai sa in ci gaba da haɗiye ta.

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti da yara. Jikina lafiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Duk abin da ka faɗa haka ne. Da farko da kaina nake gaishe shi. Amma safiyarku tsakiyar barcina ce, sai na naɗi guda biyu don ranar da na makara. Biyu suka zama goma. Da na ga abin yana tafiya, sai na ƙara masa dabara, kar ya maimaita ta jiya, kar ya ɗauko mai maganar Juma'a in ba Juma'a ba. Na yi ta jin daɗin wayona. Amsoshin Baba suna shigowa wayata, ina cewa zan saurara da yamma, har suka taru suka yi min yawa na fara jin tsoron buɗe su.

Shirun da na yi maka ba raini ba ne. Taron da na ce ana yi a sama, mu ake yankawa. An rufe sashenmu gaba ɗaya. Yanzu a wani babban sito nake aiki, ina jera kwalaye, wata na'ura a hannuna tana faɗa min inda zan taka. Ranar da ka kira ni a kan Gwaggo wayata tana kulle a loka, inda muke ajiye kaya kafin mu shiga aiki. Wasiƙarka ta biyu ta same ni a wannan hali, kana ce min babban injiniya. Na ɗauki biro ya fi sau nawa, kunya ta hana ni. Manhajar kuwa tana can tana ta aikinta, na ma manta da abin da ke cikin foldar.

Sunan nan da na kira ka da shi, wallahi da sha'awa na faɗa. Kai Baba ya sa wa suna. Ni Auta ne kawai, don na zo a ƙarshe, ko wa ya zo a ƙarshe haka za a kira shi. Kana kishin gwangwani, ni kuwa tun ina yaro nake kishinka. Kai ake kira in abu ya lalace. Kai Baba yake yi wa faɗa, don ya san kana nan gobe. Ni lallaɓa ni yake kamar baƙo. Da za a ba ni zaɓi, da na karɓi faɗan da ya yi maka ranar Talata, in dai ina tsaye a ɗakin.

Ga wani labarin kuma. Kamfanin akwatin ya aiko da sanarwa, sun daina wannan samfurin, ƙarshen wata za su kashe kwamfutocin da yake magana da su. Sun ce suna godiya da muka kasance tare da su, kuma in muna so akwai sabo. Daga ranar ba zai ƙara cewa uffan ba.

Na manna memori a ƙasan takardar nan, duk gaisuwar suna ciki, kalmar sirrin tana bayan takardar. In ka faɗa wa Baba gaskiya ban ga laifinka ba. In kuma za ka iya wani abu, ka buɗe shi, Yaya. Ba wanda zan iya roƙo sai kai.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya musanya maka da aikin da ya fi wancan. Da ka faɗa min tun farko, da ban yi ta zaginka a zuci ina wanke wa Baba ƙafa ba. Muna lafiya, yara sun fara jarrabawa.

Akwatin ya mutu ranar da suka ce. Fitilarsa ta koma ja, ya ce ba ya iya samun hanya, daga nan bai ƙara magana ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi. Na shiga ɗakin da safe ina taku kamar wanda ya ci zaɓe. Na ce yau dai muryar mutum ɗaya ce a gidan nan. Memorinka yana aljihuna, na ce ya kwana biyu a can ya ji yadda ake ji.

Baba bai tambaye ni komai ba. Ya dai zauna a bakin gado, fuskarsa wajen tebur, hannunsa a kan gwiwa, yana jira. Na ba shi magani ya sha, na fita, na dawo da rana na same shi yadda na bar shi. Washegari haka. Rana ta uku Antinka ta fito da kwanon abincinsa ba a taɓa ba, ta ajiye a gabana ta ce, "Ga nasararka nan, sai ka cinye." Ka san bakinta.

Na ɗauko sukudireba. Cikinsa ba komai, Auta, lasifika ce mai kyau da ɗan allon lantarki da aka kulle da gangan don kar wani ya amfana. Na cire allon na jefar a kwandon shara da hannun hagu. Na ɗauko tsohuwar wayar Antinka mai fasasshen gilashi, na jona ta da lasifikar da dalma, na samo wata koriyar fitila daga mataccen caja. Sannan na rubuta manhajar. Ta ɗauko gaisuwa ɗaya da safe, ta kunna, ta kunna fitila, ta yi shiru har sai Baba ya gama magana, ta adana amsar a cikin wayar. Ba data, ba gajimare, ba sallama da kowa.

Wajen jiran nan ne na sha wuya. Da farko Baba yana yin numfashi sai ta ɗauka ya gama ta katse shi. Na ƙara mata haƙuri, sai ta koma jiran fanka ta yi shiru. Na yi ta gwadawa da muryata a ɗakin malamai har abokan aiki suka fara tambaya ko lafiya. Na saurari gaisuwarka duka, na cire ta Gwaggo da duk mai maganar ruwan sama. Na mayar da murfi, kuma kafin ka tambaya, e, an sami rarar kusa ɗaya.

Jiya ya yi magana. Baba ya ɗago kai kamar an kira shi daga nesa, ya amsa maka, ya yi maka albarka har muryarsa ta dushe, ya ci abinci. Ni kuwa ina bakin ƙofa. Da hannuna na gina abin da zai riƙa karɓe min albarka kowace safiya, har da ƙunar dalma a babban yatsa. In akwai wawan da ya fi ni a unguwar nan ban san shi ba.

Ban faɗa masa ba. Ba don kai ba ne, don kwanon nan ne.

Yayanka.

*

Auta,

Kowa lafiya. Ban jira amsarka ba, don abin da ya faru yau ba zai iya kwana a cikina ba.

Na yi wa kaina irin taka. Ka tuna na ce na yi ta gwada manhajar da muryata? Na goge fayilolin gwajin duka, ashe ban da ɗaya. Na sa masa suna irin na gaisuwarka don in ga ko za ta ɗauko shi, na bar shi a foldar. Yau ƙuri'a ta faɗa kansa.

Ina zuwa da kofi da magani, na kai bakin ƙofa, sai na ji muryata ta fito daga gwangwanin, ina kwaikwayon yadda kake jan gaisuwa: "Gwaji, gwaji. Baba ina kwana. Ka tashi lafiya? Ya ƙafa? Ni ne babban, mai kawo magani, wanda ba a sa wa albarka. Gwaji ya ƙare."

Na so ƙasa ta tsage. Kafin in taka in cire waya, koriyar fitilar ta kama, abin ya yi shiru yana jira, yadda na koya masa da kaina.

Na leƙa wajen Baba. Sai na ga kafaɗarsa tana motsi, ashe dariya yake. Ya matsa kusa da akwatin ya ce, "Sarkin Ɓarna, yau kai ne a ciki? Ai na san ka shiga, tun ranar da na ji ƙaurin dalma a gidan nan. Ƙaurin da ya ci min rediyo."

Ya gyara zama. "Lafiya lau na tashi. Ƙafa da sauƙi, tun da akwai mai matsa min ita. Na ƙaninka kuma, butarsa ta tafasa a kunnena ya fi a ƙirga. Ido na rasa, ba kunne ba. Ban gane ba sai bayan maganar Gwaggonku, na zauna na haɗa, na ga na yi maka faɗa a kan laifin da ba naka ba. Na bar shi ne don muryar ɗana ce, ko ta bara ce ina so."

Na ajiye kofin a bakin ƙofa, na kasa kunne.

Ya ce, "Albarka kuwa, ba ranar da ban sa maka ba. Ƙeyarka nake sa wa. Kana cewa ina kwana kana miƙo magani, kana cewa ya ƙafa ƙafarka tana waje. Kana tambaya, ba ka tsayawa amsa. Shi wannan abin yana tsayawa. To tun da yau ka tsaya, bari in faɗa maka a gabanka."

Auta, ba zan iya rubuta maka duka ba. Ya ce Allah ya yi min albarka. Ya ce Allah ya ba ni masu yi min abin da nake yi masa, su yi min ba tare da sun gaji ba. Ya ambaci karatun da ban tafi ba, abin da na zaci ya manta da shi tuntuni. Manhajar ba ta katse shi ba ko sau ɗaya, ta jira shi har ƙarshe.

Da ya gama sai ya ce wa akwatin, "In kana da hanya, ka faɗa wa na bakin ƙofar nan ya shigo ya zauna. Ga kujerar Gwaggonsa ba kowa."

Na zauna. Na makara a makaranta, shugaba ya harare ni, ban ko ji ba.

Amsar tana cikin wayar, na kwafe ta wuri uku. Ba zan turo maka ba, tawa ce.

Yayanka, Sarkin Ɓarna.

*

Yaya,

Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Na karanta wasiƙarka a tsaye a ɗakin loka, na sake karantawa a mota, na kasa cin abinci. Na yi maka murna, kuma kishi kamar ya kashe ni. Duka biyun gaskiya ne.

Na fara sauraron amsoshin Baba da suka taru a wayata, ɗaya kowace rana, ba na iya fin haka.

Ka goge foldata gaba ɗaya. Na nemi a canja min ranar hutu, an ba ni Lahadi. Zan sa agogo ya tashe ni daidai safiyarku, in kira wayarka, ka jona ta da lasifikar don ya ji ni sosai. Zan faɗa masa maganar aikin da bakina, in yi masa ta'aziyyar Gwaggo yadda ya kamata. In zai yi min faɗa, don Allah kar ka tare min, na daɗe ina jiran rabona.

Abu ɗaya nake roƙo. Kwana shida naka ne, kujera taka ce. Ranar Lahadi in ya fara sa min albarka, ka tsaya a waje da maganinka sai ya gama.

Ƙaninka, Auta.